Sunan da Na Faɗa Sau Ɗaya

Wannan al'amari ya faro ne a shekarar da aka nuno Ka'aba a talabijin babu mai ɗawafi, bayan rasuwar kakanku Malam da damina biyu, lokacin ko katangar gidanmu ta gabas da ruwa ya kayar ba a gama tayarwa ba. Ya ƙare a shekarar da duniya ta taru a Doha don buga ƙwallo. Ni ban yi boko ba, lissafin shekarun Nasara ba nawa ba ne, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Na ji abin da ake faɗa a dangi, wai ni na raba ubanku da hanyar abincinsa a Ƙatar, wai tsohuwa ta je ƙasar mutane ta buɗe maƙogwaro a bainar jama'a. Masu faɗa ba su je ba. Ni na je, don haka ku ji daga bakin mai ita.

Ubanku ɗan farina ne. Ku kun taso a zamanin da uwa ke kiran ɗan farinta gatsal, har ta rungume shi a gaban surukai. Mu ba haka aka rene mu ba. Ga kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifin Malam aka sa masa, kunya ta zama biyu. Tun yana cikin tsumma ban taɓa furta sunansa ba. Sai dai in ce "yaron nan", ko "wancan", ko in yi gyaran murya ya waiwayo. A ɗakin kakarsa ya tashi, shi ya sa har gobe Yaya yake ce mini, don a bakin ƙannena ya ji. Kada ku ɗauka rashin so ne. Abin da aka fi so shi ake rufewa da faifai.

Tun yana ƙarami tamaula ta shiga ransa. Tsummokaran ɗinkina ya dinga sacewa yana ɗaure su da zare, ya fita bayan gidan gurzar auduga na nan Funtuwa, ba a ganinsa sai magariba, ƙafa duk tuntuɓe. Malam ya yi faɗa, ya yi duka, ya gaji. Sai ga Malam Ɗanjuma a zaurenmu, tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin basasa da ɗingishi, aka ba shi koyar da wasanni a wata kwalejin horar da malamai. Ya ce a ba shi yaron, zai yi karatu ya yi ƙwallo, ba za a bar ɗaya don ɗaya ba. Haka aka yi. Ya buga wa kwalejin har sunansa ya fara fita, ana zancen za a ɗauke shi zuwa Kaduna, sai gwiwarsa ta goce a wani wasa. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ƙafa ta taka ƙasa amma gudu ya ƙare. Yana kwance yana kallon rufin ɗaki Malam Ɗanjuma ya shigo, ya cire usur daga wuyansa ya rataya masa. Daga baya na lura kusan duk masu aikin nan da ɗingishi suke shigarsa. Wanda ƙafarsa ta ƙi, sai ya koma gudu da ƙafafun 'ya'yan mutane.

Wata ranar Asabar ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallamar samari a ƙofa, ɗaliban kwaleji ne.

"Koci yana ciki?"

Na ce waye kuma Koci? Suka ce ai mai horar da su. Na juya kalmar a bakina, na ji babu surukina a cikinta, babu abin kunya. Na ɗaga murya na ce, "Koci, ana sallama da kai!" Ya fito yana kallona kamar bai taɓa ganina ba, har da ɗan murmushi. Ranar na samu bakin kiran ɗana, yana da gemu. Shekaru masu yawa da sunan nake kiransa, ya ci kofuna, ya sha kashi, ya yaye yara, wasu sun zama malamai, wasu 'yan sanda. Ban taɓa zuwa filinsu ba, amma na san yadda yake yi, don ko a rediyo ake wasa sai ka ga hannunsa na dama yana motsi kamar mai watsa wa kaji tsaba, leɓensa na rawa, yana tura mutanen da ba ya gani.

Uwarku Rabi ce ta fara samun hanyar Doha, aka ba ta gurbin ƙaro karatu a kan binciken ruwan sha. Can kuma wata kwaleji ta ɗauke shi mataimakin mai horar da ɗalibai. Kwalejin gida ta ba shi hutu, ta ce kujerarsa na nan. Da kalangu aka raka shi tasha, ɗalibai na ɗaga shi sama. Ni kuwa haihuwar Ummi, takwarata, ita ta kai ni. Gidansu na unguwar Bin Mahmud, a saman bene, ɗaki biyu da falo, babu tsakar gida, babu inda za ka tsaya ka ga sama sai ta taga. Da butar lantarki na yi wa Rabi ruwan wankan jego, babu ganyen darbejiya ko ɗaya, ina yi ina jin kunyar uwata a kabari. Ba mu yi arba'in ba cutar nan ta sauko. Aka rufe masallatai, aka rufe makarantu, jirage suka daina tashi, kowa ya sa takunkumi. Ladan ma ya koma cewa a yi salla a gida. Ni da na zo da kayan wata biyu, sai ga ni a saman bene kamar tantabara a keji.

Filin wasa na cikin abin da aka fara rufewa. Da farko ta waya yake horar da yaran, ya ture kujerun falo yana tsalle da ƙafa ɗaya, su kuma suna yi a ɗakunansu, Ummi na bayana tana kallonsa. Daga baya fuskokin cikin wayar suka dinga raguwa, kowa ya koma ƙasarsu. Rannan aka kira shi aka ce an gode, babu ƙungiya, babu mataimaki. A ƙasar nan kuwa zamanka a hannun kafil yake, wato wanda ya tsaya maka, mai ba ka aiki. In babu shi, kai baƙo ne mai jiran kora. Abokinsa Awudu ne ya sama masa aikin gadi a kamfanin da yake. Awudu mutumin Kumasi ne, shi ma ya taɓa horar da 'yan kwaleji a can kafin albashi ya gagara, ƙato mai dariya, Hausarsa ba ta san mace ba.

"Mma, ka kwana lafiya? Ka ci abinci?"

"Kai Awudu, sau nawa zan gaya maka ni ba namiji ba ce?"

"Mma, a Zango duka ɗaya ne. Wanda ya haifi Koci ai namiji ne."

Shi yana iya dariya da kakin gadi a jikinsa. Ubanku bai iya ba. Ranar da ya dawo daga aiki a satin farko, na ajiye masa tuwon shinkafa na ce, "Koci, ga abincinka." Bai taɓa kwanon ba. Kansa a ƙasa ya yi magana.

"Yaya, don girman Allah ki daina kirana da sunan nan."

"To da wanne zan kira ka?"

"Ko da wanne. Koci yana da fili, yana da yara. Ni ƙofa gare ni."

Bai san abin da ya karɓe mini ba. Suna ɗaya nake da shi a duniya, ya ce in ajiye. Muka koma kamar da, har ma ya fi da muni, don a da akwai tsakar gida da mutane, yanzu falo ne da mu kaɗai. In ina son sa sai in buga cokali a kwano, ko in ce wa Rabi, "Gaya masa ruwa ya yi zafi," yana zaune kusa da ni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In aka sako ƙwallo a talabijin sai ya tashi ya shiga ɗaki. Usur ɗin Malam Ɗanjuma kuwa a bakin Ummi na gan shi, tana sosa dasashi da shi. Shi ya ba ta. Na karɓe, na wanke, na ƙulle a bakin zanena. Mutane na tsoron cutar da ke waje, ni abin da ke cikin gida nake tsoro. Na taɓa ganin mutum ya mutu a tsaye, yana ci yana sha yana zuwa kasuwa, wani ƙanen Malam ne da aka raba shi da aikinsa na jirgin ƙasa. Idanun nan nasa su na fara gani a fuskar ɗana.

Da aka buɗe hanya na dawo Funtuwa, amma zuciyata na can a saman bene. Mata su shigo su ce, "Ina labarin Koci? An ce shi zai horar da Larabawa a gasar duniya!" In ce lafiya lau yake, in kawo wata maganar. Ana nan sai ga Malam Ɗanjuma da sandarsa, ya tsufa tukuf, ya zauna a zaure yana haki. Ya ce kwaleji ta yi haƙuri iyakar haƙuri, za ta riƙe kujerar zuwa ƙarshen shekarar gasar, in bai dawo ba a ba wani. Ya ce ya kira shi ya gaji, ba ya ɗauka.

"Kunya ce ke cinsa, Hajiya. Wanda aka raka da kalangu ba ya son dawowa a sace. Ke uwa ce, ki yi masa magana."

Na ce to. Amma da wane baki? Ni da ban taɓa zaunar da shi na ce yi kaza, bar kaza ba. Wannan aikin ubansa ne, uban kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Allah da ikonsa Rabi ta sake samun ciki, haihuwar ta faɗo daidai lokacin gasar. Sai aka ce a watannin nan ba mai shiga ƙasar sai wanda ya sayi tikitin kallon wasa. Ku ji fa. Ni da na yi shekaru ina tsine wa tamaula don ta cinye mini tsummokara da gwiwar ɗa, sai da aka rubuta ni cikin masoya ƙwallo kafin in je wankan jego. A filin jirgi wani yaro ya duba takardata ya dube ni, ya tambayi ƙasar da nake goyon baya. Na ce a gaya masa ina goyon jikata.

Na tarar garin ya canza, tutoci ko'ina, kowane irin mutum da kowane irin fenti a fuska. Shi kuwa yana nan yadda na bar shi, sai ma shirun da ya ƙaru. Rabi ta ja ni kicin ta gaya mini kamfanin ya yi masa alkawarin shugabancin masu gadi in an gama gasa lafiya, kuma ya ce zai karɓa. Na gaya mata saƙon Malam Ɗanjuma. Ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Inna, na sani. Ni ma ina ganinsa. Amma karatuna bai ƙare ba, ga Ummi, ga wannan na tafe. In ya koma, mu fa? Aikin nan shi ne rufin asirinmu."

"Rufin asiri ne, 'yar nan. Amma kin taɓa ganin an rufe tukunya babu komai a ciki?"

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ban so na ce ta yi ba. Kada wani cikinku ya ga laifin uwarsa a wannan labari.

Tikitin nan an saye shi ne don shiga ƙasa kawai, ba wanda ya zaci zan je. Awudu ne ya zo gaishe ni ya duba ya ce, "Mma, ai filin da aka kai Koci ke nan! A bakin ciyawa ma aka sa shi." Na ji sanyi a raina. Na ce ashe Allah ya kai shi inda yake so, zai ga manyan duniya da idonsa, ko zuciyarsa ta motsa. Awudu ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Na ce ranar zai kai ni, ko ya goya ni ne.

Wasan rana ne, wata ƙasa maƙwabciyarmu ce ke bugawa da Turawa. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Mushairib, masu nuna hanya na ta "yalla, yalla", ina riƙe da gefen rigar Awudu kamar makauniya. Da muka shiga filin sai da na dafa ƙarfe. Mutane tun daga ƙasa har sama, ihu kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, ga sanyi na fitowa ta ƙarƙashin kujeru da rana tsaka. Ciyawar kuwa kore shar, ko a fadama ban ga irinta ba. Awudu ya yi magana da abokan aikinsa, suka bar mu muka gangara har layin gaba. Ya nuna mini da baki.

Masu riguna ruwan ɗorawa ne a jere kewaye da filin. Dukansu sun ba wa ciyawa baya, mu suke kallo. Na ce wa Awudu me ya sa suka juya? Ya ce dokar aikin ke nan, mai gadin bakin fili jama'a yake tsaro, ba ya waiwaye ko sama za ta faɗo, wanda ya juya ya kalli wasa ya bar aikinsa. Sai a lokacin na gane abin da ya haɗiye a gida. Ga ɗana nan, taku kaɗan tsakaninsa da abin da ya ba wa ƙuruciyarsa da gwiwarsa, an kawo masa shi har bayan ƙeyarsa, an ce kada ya duba. Kuma ya yarda. Wasa nawa ya tsaya haka bai gaya wa kowa ba.

Bai gan ni ba, idonsa na can sama cikin taro, babu komai a cikinsu. Aka fara. Ni ban kalli ƙwallo ba, kada ku tambaye ni wa ya ci. Shi nake kallo. Can jama'a suka ɗauki wani irin gurnani, suka miƙe, sai na ga hannunsa na dama. Yana manne da cinyarsa, amma yatsun na motsi, suna watsa tsaba. Leɓensa na rawa. A fuskokin mutane yake karanta wasan, yana tura yaran da ke bayansa. Ashe bai mutu ba. Amma in ya gama gasar nan a haka, ya karɓi shugabancin ƙofa, na san hannun nan zai daina.

Na kama ƙarfen gabana na ce, "Koci!" Ya ji. Idonsa ya sauko ya same ni, ya zaro su, sai ya girgiza kai a hankali, irin na don Allah Yaya ki bari. Na sake kira, ya kawar da fuska. Sunan ya riga ya ajiye shi, ba zai amsa ba. Na tuna surukina, na tuna uwata, na tuna Malam. Na ce su yafe mini. Na cika ƙirjina da iska, na kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna, cikakke, yadda liman ya faɗa. Na ce:

"Juya ka kalli aikinka!"

Ba zan maimaita sunan a nan ba. Kun san sunan ubanku. Sau ɗaya na faɗa, kuma ya isa.

Ya tsaya kamar wanda aka watsa wa ruwan randa. Tunda ya zo duniya bai taɓa ji daga bakina ba. Ya dube ni, na dube shi, ban sunkuyar da kai ba. Sai ya juya. Da a ce waiwaye ɗaya ya yi da wataƙila ba wanda ya lura. Ina! Ya ba mu baya gaba ɗaya, hannu ya tashi sama, murya ta fito, muryar nan da ake ji daga filin kwaleji har bakin kasuwa, da Hausa tsantsa yana ce wa wani ɗan wasan da bai san shi ba, "Buɗe! Buɗe ta gefe, kai! Ɗago kanka!" Awudu ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Mma, ka kashe mu," yana dariya, hawaye na zuba. Ba a jima ba shugabansu ya zo da sauri ya dafa shi, ya ce halas, wato ya isa, ya fito. Ya bi shi ba gardama, yana tafe yana waiwayen ciyawa.

Ba su kore shi a ranar ba, wannan ma ƙarin masu labari ne. Sun mayar da shi gadin wurin ajiye motoci, maganar shugabanci kuma ta mutu. Da aka gama gasa shi da kansa ya kai musu rigarsu. Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne, ba zan shafa masa zuma ba. Rabi ta haifi Abba, na yi mata wanka muna gaisawa sama-sama. Ta saki gidan Bin Mahmud ta koma ɗaki ɗaya, ta ƙarasa karatunta da goyo ita kaɗai, Ummi ta biyo mu gida tana kukan uwarta. Albashin kwaleji ko rabin na gadi bai kai ba. Babu kalangu a tasha. Dangi suka sa ni a baki, ba wanda ya zagi cutar da ta rufe fili, ni aka gani. Dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na ji, na haɗiye. In aka mayar da ni bakin ƙarfen nan yau, abin da na yi shi zan yi.

Ranar da zai koma fili, da sassafe, ya shigo gaishe ni ya durƙusa. Ba mu taɓa tayar da maganar ranar nan ba, ni da shi, har yau. Na kwance bakin zanena na ajiye usur ɗin a kan tabarma, na kawar da kai. Ya ɗauka, ya daɗe yana juya shi.

"Har da haƙoran Ummi a jiki," in ji shi.

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa. Na ce, "Koci." Ya ce, "Na'am, Yaya." Na ce babu komai, ya je kawai.

Malam Ɗanjuma ya ga dawowarsa, ya zauna a bakin fili a kujerar roba damina ɗaya, sannan ya riga mu gidan gaskiya. Mai ɗorin da ya gyara gwiwar ya daɗe da tafiya. Awudu na nan da ransa, ya koma Kumasi, yana kirana duk Salla, har yanzu namiji nake a bakinsa. Rabi na nan, ta dawo, ita ke dama mini kunu, kuma a bara ta ce mini, "Inna, kin san ya dawo cin tuwo har da ƙari?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni kuma ban nemi ƙari ba. Ni ma ga ni, saura ƙiris. Ubanku kuwa ba sai na gaya muku ba. Ku yi shiru ku saurara, iska na kaɗowa daga wajen kwaleji. Wannan usur ɗin da kuke ji, shi ne.